Wa Ya Gaya Wa Malam Irin Gashin Auta?

Da gudu Auta ta hau bene, kwali rungume a ƙirji kamar wadda ta sato jariri. Ko sallamar kirki ba ta yi ba ta wuce Umma a kicin, ta faɗa ɗaki ta tura ƙofa da ƙafa.

"Lafiya kike gudu kamar an biyo ki?" Umma ta ɗaga murya.

"Lafiya lau Umma! Lafiya ce ma ta yi yawa!"

Ɗazu tana rufe kantin maganin da take aiki Malam ya tsallako titi daga makarantarsu, hannunsa duk ƙurar alli, ya miƙa mata kwalin ya juya da sauri kamar wanda ya yi laifi. Malamin lissafi ne, dogo, mai kunyar tsiya. Sun daɗe suna son juna, kuma tun bara yake roƙon a ba shi izini ya turo manyansa, Abba na cewa a dakata tukuna. Dakatawar nan kuwa kowa a gidan ya san daga ina take. Gwaggo, yayar Abba, ta riga ta yanke wa ranta cewa Auta ta ɗanta ce, dillalin motoci. Abba kuma duk taurinsa bai iya kallon idon yayarsa ya ce a'a ba.

Ta yage ledar. Sai da ta yi 'yar ƙara.

Sandar naɗa gashi ce, fara sol, an lulluɓe jikinta da tangaran mai santsi, da ɗan maɓallin rage zafi a gindinta. A gefen kwalin an rubuta cewa ta gashi ce mai laushi, mara kauri, wanda ba ya jure wuta.

Auta ta yi tsalle ta dire, ta sake tsalle. Kai jama'a! Gashinta kenan, kamar an zauna an zana shi. Gashi ne irin na jarirai, kitso ba ya kwana biyu a kai sai ya warware. Ta taɓa aron sandar wata ƙawarta, irin ta ƙarfe zalla mai zafin gaske, sai ƙauri ya cika ɗaki har Umma ta leƙo tana tambayar wa ya bar tukunya a wuta. Tun daga ranar take cigiyar mai sanyin hannu irin wannan.

Ta jona ta a wuta. Ta zare ɗankwali. Ta sa hannu a ƙeya ta ciro acuci-maza, wato dunƙulen gashin roba da take cusawa a ƙarƙashin ɗankwali don a zaci gashi ne ta tufke, ta jefa shi kan gado. Ta tsaya gaban madubi tana murmushi, ta kama ɗan gashinta na gaske ta ɗora a sandar.

Ya zame.

Ta sake kamawa, ya sake zamewa. Sai yanzu ta ƙare wa sandar kallo. Kaurinta ya kai mariƙin babbar tocila, irin wadda ake yi wa masu gashi har gadon baya. Nata kuwa, in an ja shi da ƙarfi an haɗa da addu'a, iyakarsa kunne. Ko zagaye ɗaya ba zai yi ba.

Ta fara dariya, sai dariyar ta maƙale. Ta juya ta kalli abin da ke kan gado.

Waya ta yi ƙara. Shi ne.

"Kin buɗe?" Muryarsa har rawa take don zumuɗi.

"Na buɗe Malam. Wallahi ka gama min komai."

"Ta yi daidai?"

Ta rufe ido. "Daidai ƙwarai."

"Alhamdulillahi! Mai shagon ta ce masu dogon gashi irinki sai wannan babbar, in ba haka ba sai mutum ya wuni yana naɗi. Na ce ai kuwa ba zan bari ki wahala ba."

Auta ta ce, "Uhm." Iyakar abin da bakinta ya iya furtawa kenan. Ba ta taɓa ce masa gashinta dogo ne ba, wannan gaskiya ne. Amma ba ta taɓa fita ba tare da tulin nan a ƙeya ba, wannan ma gaskiya ne. Ta tura maganar can ƙasan ciki, ta ce da ranta gobe ma rana ce.

Da za ta mayar da sandar kwali ta cusa ƙarƙashin gado, da an zauna lafiya. Amma mai soyayya ba ya iya riƙe daɗi shi kaɗai. Tana jin sallamar Gwaggo a falo, shaiɗan ya raɗa mata cewa yau ce ranar da za ta nuna wa Gwaggo bambancin mai alli da mai motoci. Ta mayar da abin ƙeya, ta ɗaura ɗankwali, ta fito da kwali tana yauƙi.

Abba na kujerarsa da jarida. Umma na zuba shayi. Gwaggo ta cika doguwar kujera ita da jakarta.

"Gwaggo sannu da zuwa. Kin ga abin da Malam ya kawo min?"

"Mai allin? Me ya iya kawowa, rula?" Ta karɓa tana jujjuyawa. "Wannan kuma mene ne, abin murza fulawa?"

"Ta naɗa gashi ce Gwaggo. Kuma ba kowace iri ba. Kin ga, iri-iri ce. Ta ƙarfe zalla ta masu gashi mai kauri ce, mai taurin kai. Wannan ta tangaran ta irin nawa ce, mai laushi, wanda wuta kaɗan ke cinyewa. Duba nan, an ma rubuta. A cikin duk na shagon ya zaɓo wadda ta dace da ni sak. Haka ya san ni, Gwaggo!"

Gwaggo ta ajiye kofin shayi a hankali. Ta ciro tabarau daga jaka, ta karanta gefen kwalin tana motsa leɓe. Sannan ta cire tabarau, ta dubi ƙanenta.

"Ka ji da kunnenka ko?"

Abba ya sauke jarida. "Na ji me, Yaya?"

"Yarinyar da tun tana firamare ba ta taɓa leƙa baranda ba ɗankwali ba. Ni gwaggonta ce, amma rabon da in ga kanta har na manta. To ya aka yi wani ƙato a waje ya san gashinta mai laushi ne? A ina ya gani? Da wane hannu ya taɓa?"

Cokalin da ke hannun Umma ya faɗi ƙasa.

Auta ta ji kamar an watsa mata ruwan ƙanƙara. "Gwaggo! Innalillahi! Wallahi tallahi bai taɓa..."

"Kin gaya masa da bakinki?" Abba ya tambaya, muryarsa can ƙasa.

"A'a Abba, ban taɓa ba. Ni ina zan iya wannan maganar da shi?"

"Ba ki gaya masa ba, bai gani ba, amma ya sani." Gwaggo ta tafa hannu. "To wahayi aka yi masa kenan. Na sha faɗa, wannan sunkuyar da kan nasa ba ta Allah ba ce. An ƙi ɗan gida wanda aka san ciki da bayansa, an je an kwaso mai alli, ga shi nan ya lissafe mana yarinya tun daga kai."

Abba tsohon magatakardan kotu ne. Ya yi ritaya amma kotun ba ta yi ritaya daga jikinsa ba, ko ƙwai ne ya fashe a gidan sai an kira shaidu. Ya miƙa hannu.

"Ba ni wayarki."

Ta miƙa masa.

"Ni zan kira shi da kaina, ya zo gobe bayan la'asar. Ba za ku yi magana ba kafin nan, don kada a haɗa baki. In ya kawo bayanin da hankali zai ɗauka, to. In bai kawo ba, maganarsa ta mutu a gidan nan, kuma abin da Yaya take so shi za a yi. Na gama."

Auta ta kwasa da gudu zuwa kicin, ta durƙusa bayan firji ta fashe da kuka. Umma ta biyo ta ta rufe ƙofa.

"Tashi ki dube ni. Ni na haife ki. Ki gaya min gaskiya komai ɗacinta."

"Umma har da ke? Har ke kina zargina?" Kukan ya ƙaru. "Wallahi ko silin gashina bai taɓa gani ba. Mutumin da in mayafina ya zame shi ke fara juya baya!"

"Na yarda da ke. Amma yardata ba za ta shiga kunnen Abbanki ba, kin san shi da son shaida. Ya aka yi ya sani?"

"Ban sani ba Umma, ni ma abin ya ɗaure min kai." Ta ja hanci, sannan ta ce a hankali, "Amma bai sani duka ba."

"Kamar yaya?"

Sai ta kwashe labarin kaurin sandar ta gaya mata, da abin da ya faɗa a waya. Umma ta saki baki tana kallonta, can sai kafaɗunta suka fara rawa. Ta toshe baki da gefen zani.

"Umma dariya kike yi? Rayuwata na rushewa kina dariya?"

"Yo ba dole ba! Shi bawan Allah yana can yana mafarkin gashi har baya? Ai ga shaidarki nan a hannu, 'yar nan. Wanda ya taɓa ganin kanki ko daga nesa ba zai sayo wannan gungumen ba. Gobe sai ki faɗa."

"A gabansa?" Auta ta zaro ido. "In ce masa me? In ce duk abin da yake gani a ƙeyata roba ce? Umma gara in mutu! Ke dai ki je ki gaya wa Abba a ɓoye."

"In gaya masa a ɓoye Gwaggonki ta ce ni na kitsa? Sai dai ya fito daga bakin yaron a gaban kowa, kuma ke za ki ciro shi."

"In ya ji ya fasa fa? In ya ce na yaudare shi? Ba ki ji muryarsa ba lokacin da yake cewa dogon gashi, kamar wanda aka yi wa albishir. Umma ina son shi, wallahi ina son shi, ba zan iya ganin ya kalle ni da wani ido ba."

Umma ta zauna a ƙasa kusa da ita, ta jawo kanta ta ɗora a kafaɗa. Hannunta ya sauka a kan tulin, ta ɗan matsa shi.

"To da can ya kika shirya? In an kai ki ɗakinsa da wannan abin za ki riƙa kwana har ku tsufa?"

Gaskiyar magana Auta ba ta taɓa bari tunaninta ya kai can ba.

"Ni ba zan faɗa miki abin da za ki yi ba," Umma ta ce. "In kin yi shiru kin rasa shi da sunan 'yar iska. In kin yi magana wataƙila ki rasa shi da sunan mai guntun gashi. Ki zaɓa."

Washegari ba ta je kanti ba. Ta share ɗakin da yake a share, ta wanke kofunan da ba a sha komai a ciki ba. Tana shanya a baranda ta ji ƙarar hon a ƙasa, irin wanda sai duk layin ya san an zo. Ɗan Gwaggo ne ya kawo uwarsa.

Ya same ta a barandar, turarensa ya riga shi isowa. Yana kaɗa makullin mota a yatsa, ɗaya hannun riƙe da wani ƙaton baƙin kwali.

"Ƙanwata."

"Ina wuni Yaya."

"Na ji abin da ya faru, raina ya ɓaci. Ungo wannan." Ya dire kwalin a kan kujera. "Ni ban tsaya tambayar irin gashin kowa ba, ni ɗan mutunci ne. Na ce a ba ni wadda ta fi kowacce zafi. Ta ƙarfe ce zalla, mai shagon ya ce ko igiya ce sai ta lanƙwasa ta."

Auta ta kalli kwalin, ta tuna ƙaurin da ya taɓa cika ɗakinta. "Na gode Yaya, amma ka kai wa mai igiya."

Ya yi dariya kamar an yabe shi. Sannan ya matso, ya rage murya.

"Ki kwantar da hankalinki. Ko me ya faru tsakaninki da shi, ni ba zan tambaya ba. Jini ɗaya muke. Zan rufa miki asiri in aure ki a haka."

A haka! Kalmar ta soke ta har ƙahon zuciya. Hawaye suka zubo, amma wannan karon na zafin rai ne.

"A haka kamar yaya, Yaya? Me ka ji an ce na yi? Tare muka tashi da kai, kai ka koya min keke. Yau kai ne za ka tsaya ka ce za ka rufa min asiri? Ba ni da asirin da..."

Ta tsaya cak. Hannunta ya kai ƙeya da kansa.

"Kin ga ni ba faɗa na zo ba," ya ce yana ɗaga hannuwa. "Nan da magariba dai magana ta ƙare."

Bayan la'asar Malam ya yi sallama. Daga bayan labulen da ya raba falo da hanyar ɗakuna Auta ta hango shi, ya sha guga har hula, fuskarsa fal murna. Wayyo, bawan Allah! Ashe da ya ji Abba na nemansa ya zaci izinin turo manya za a ba shi. Ya ƙi hawa kujera, ya zauna a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa ya gaida kowa, har da ɗan Gwaggo da ya amsa masa da hanci.

Abba ya ɗora farar sandar a kan teburin tsakiya kamar wuƙar da aka tsinta a wurin kisa.

"Ka san wannan?"

"Na sani Abba. Ni na saya."

"Madalla, bai musa ba. An rubuta ta mai laushin gashi ce. 'Yata ta ce ba ta taɓa gaya maka irin gashinta ba. Haka ne?"

"Haka ne Abba."

"To ya aka yi ka sani?"

Sai a lokacin Malam ya gane kotun da yake ciki. Murmushin ya ɗauke. Gumi ya tsatso masa a goshi, ya dubi Gwaggo ya dubi sandar.

"Subhanallahi! Abba, wallahi ban taɓa... ni ai..." Ya share gumi. "Ka ba ni dama in faɗa daga farko."

"Muna ji."

"Ta taɓa cewa tana son irin wannan abin. Na je shago na ce a ba ni ɗaya. Matar ta ce wane irin gashi gare ta? Na ce ban sani ba. Ta ce to ba za ta sayar min ba, don in ta ba ni ta ƙarfe alhali gashin mai laushi ne zai ƙone, in ta ba ni ta tangaran alhali mai kauri ne ba zai naɗu ba. Na tsaya kamar ɗalibin da bai yi karatu ba. Sai ta ce in faɗi duk abin da na sani, ita za ta gane."

"Ka faɗi me?"

Malam ya sunkuyar da kai har haɓarsa na taɓa ƙirji. "Na ce ɗankwalinta ba ya zama, kullum tana jawo shi gaba, kuma tana sa masa allurai fiye da na sauran mata. Na ce ta sha cewa ba za ta samu fitowa ba za ta wurin kitso, alhali ba a daɗe da ta je ba. Na ce ran da ruwan sama ya dake mu a bakin kanti abokiyar aikinta tana ta kukan kanta zai kwana bai bushe ba, ita kuwa ta ce nata kafin ta kai gida ya bushe. Sai matar ta yi dariya, ta ce wannan gashi ne mai laushi mara kauri, ta ɗauko wannan."

A bayan labule Auta ta dafe ƙirji. Allurai! Ruwan sama! Ita ta ma manta ta faɗi haka. Ashe duk shirmen da take zubawa yana kwashewa yana adanawa. Son shi ya taso ya cika mata ƙirji har numfashi na gagararta.

"Tatsuniya!" Gwaggo ta daka tsawa. "Kai ka ga ɗan duniya! To ba malami ba ne? Tsara magana ai sana'arsa ce. Ko ni aka ba ni daga jiya zuwa yau zan ƙago wadda ta fi wannan daɗi."

"A kira mai shagon, Gwaggo," Malam ya ce.

"Wadda ka riga ka saya? Kada ka sake ce min Gwaggo!"

Abba ya cire hula ya shafa kai. Ya daɗe yana kallon sandar. Auta ta san wannan shirun, shi ne yake zuwa kafin hukunci.

"Bayaninka yana da ma'ana," ya ce a hankali. "Amma magana ce kawai, babu shaida. Kuma abin da ya shafi mutuncin 'yata ba zan ɗora shi a kan wataƙila ba. Saboda haka, yaro, ina mai ba ka haƙuri..."

"Abba!"

Ba ta san lokacin da ta yaye labulen ba. Ta tsinci kanta a tsakiyar falo cikin dogon hijabi. Ta durƙusa.

"Abba ka yafe min katsalandan. Tambaya ɗaya zan yi masa a gabanka."

"Wa ya kira ki?" in ji Gwaggo.

"Bar ta Yaya. Yi tambayarki."

Ta juya wajen Malam amma ta kasa kallonsa. Hawaye na ɗiga a kan kafet.

"Malam, mai shagon ta tambaye ka tsawonsa?"

Kunnuwansa suka yi zafi. "Ta... ta tambaya. Ta ce siririyar sanda ta gajeren gashi ce, mai kauri ta dogo."

"Me ka ce mata?"

"Haba, a gaban Abba?"

"Amsa mata," Abba ya ce.

"Na ce dogo ne ƙwarai. Na ce in aka warware abin da take tufkewa zai kai gadon baya, ko ya wuce. Wannan kam ban yi shakka ba, ai ana ganin alamarsa."

Daga ƙofar kicin aka ji wani sauti kamar an taka kyanwa. Umma ce ta kasa riƙe dariya. Abba, wanda ya san kan autarsa tun ranar suna, ya ɗaga gira. Gwaggo ta buɗe baki ta rufe.

Auta ta ja dogon numfashi. Ta mayar da hannuwanta cikin hijabi, ta kai su ƙeya. Kowa na kallo, tulin da ke bayan kanta ya motsa, ya karkace, ya ɓace, hijabin ya kwanta sumul. Ta fito da hannu ta ajiye acuci-mazan a kan tebur, gefen sandar.

Makullin ɗan Gwaggo ya daina kaɗawa.

"Ga gashin da ka saya wa sanda, Malam," ta ce. "Nawa bai wuce kunne ba, haka aka haife ni. Ko zagaye ɗaya bai yi a jikinta ba. Jiya da ka tambaye ni na ce ta yi daidai, ƙarya na yi maka, tsoro nake ji. Abba, wanda ya taɓa ganin kaina ba zai sayo wannan ba. Kai kuma Malam, in ka fasa ba zan ga laifinka ba, amma gara ka tafi kana ce min maƙaryaciya da a kore ka da laifin da ba ka yi ba."

Ta kife fuska a tafin hannu ta saki kukan gaba ɗaya.

Malam ya miƙa wuya yana kallon abin da ke kan tebur kamar zai yi motsi. Ya kalle shi ta dama, ya kalle shi ta hagu.

"Wannan... cirewa ake yi?"

Umma ta zame ta zauna a bakin ƙofa tana riƙe ciki.

"Kin gani ko!" Gwaggo ta farfaɗo. "Yaudararka ta yi, yaro. Ni in ni ce kai..."

"Auta," Malam ya katse ta, karo na farko a rayuwarsa da ya katse babba. "Kullum da wannan kike yawo? Cikin zafin nan? Shi ya sa kike yawan cewa wuyanki na ciwo?"

Ta gyaɗa kai ba ta ɗago ba.

"Kai, amma na cuce ki, da na yi ta murna da shi." Idonsa ya kawo ruwa. "Don Allah ki daina kuka. Ni ba gashi na tsallaka titi nema ba, ban ma yi tunaninsa ba sai da mai shago ta tambaya." Ya juya wajen Abba da sauri, yana miƙa hannu ga sandar. "Abba, in ka yarda in ruga in canzo siririyar kafin su rufe. Yanzu na gane, wallahi ba zan sake kuskure ba."

Auta ta ɗago, fuska jiƙe sharkaf, dariya da kuka suna kokawa a bakinta.

Abba ya dafe sandar da hannunsa. Ya dubi yayarsa, wannan karon ido cikin ido.

"Yaya, kin nemi shaida, ga ta a tebur. Yarinya ta tona kanta a gaban wanda ta fi jin kunya a duniya. Ni ban taɓa ganin shaidar da ta fi wannan tsada ba, kuma ba zan mayar da ita banza ba. Ki yi haƙuri."

Gwaggo ta fizgi jaka, ta ce wa ɗanta ya tashi su tafi tun da an zama baƙi a gidan. Har sun kai ƙofa ya dawo da baya ya ɗauki baƙin kwalinsa.

Abba ya mayar da hula, ya juyo kan Malam da ke durƙushe har yanzu da hannu a miƙe.

"Kai kuma ajiye hannunka, ba inda za ka. Na ga alama in aka bar ka da lissafi za ka ƙarar da sandunan shagon nan ba ka dace ba." Ya tura masa sandar gabansa. "Riƙe ta a wurinka. Ka turo min manyanka a satin nan. In an ɗaura ka gani da idonka, sai ka je ka zaɓo daidai."

Auta ta yi wata ƙara, ta miƙe ta kwasa a guje, ta yi karo da Umma a ƙofa suka rungume juna suna tsalle. Malam kuwa godiya yake ta zubawa, ya gode wa Abba, ya gode wa Umma, har kujerar da Gwaggo ta tashi a kai sai da ta samu nata rabon.

"Ya isa haka," Abba ya ce, yana nuna tebur da bakin jarida. "Wani ya zo ya ɗauke min wannan dabbar daga falo."